Safiya a Birnin Delft

A birnin Hague na ƙasar Holand akwai wani ƙaramin gidan ajiyar hotuna, ana ce da shi Mauritshuis. A ɗaya daga cikin ɗakunansa an rataye wani hoto wanda mutane su ke tasowa daga ƙasashe masu nisa domin su tsaya a gabansa. Ba sarki a cikinsa, ba yaƙi, ba kuma wani labari daga Littafi Mai Tsarki. Gari ne kurum, da ganuwarsa da ƙofofinsa da rufin gidajensa, ga ruwa a gaba, ga gizagizai a bisa. Sunan garin Delft. Wanda ya zana shi kuwa ɗan garin ne, Johannes Vermeer, watau Yohanna ke nan da Hausa. Ya yi aikin wajen shekara ta 1660 zuwa 1661, da hannunsa, da fentin mai a kan ƙyalle, kusan shekara 180 kafin a ƙago na'urar ɗaukar hoto.

Mu da muka saba da hoton kyamara, mu kan dubi hoto sau ɗaya mu ce ya yi kyau, mu juya shafi. Irin wannan zane kuwa ba ya buɗe wa mai gaggawa cikinsa. Saboda haka a wannan wata muna so mu zauna da shi tare da ku, mu bi shi sannu sannu, mu ga abin da mai zanen ya sa, da abin da ya bari, da kuma dalili. Ana samun kwafinsa a littattafan makaranta da kalanda da intanet. Wanda ya samu, sai ya ajiye kusa da shi yana karatu yana dubawa.

Abin da ido ya ke gani

Tsayin hoton santimita 96 da rabi ne, faɗinsa kuwa ya ɗan ɗara santimita 115. Mai kallo yana tsaye ne a kudancin garin, a ƙetaren wata mashigar jirage da a ke kira Kolk, a bakin ruwan Schie. Yana kuma duban garin daga ɗan bisa, kamar wanda ya leƙo ta tagar bene.

Bari mu fara daga ƙasa. Abu na fari shi ne gaɓa mai rairayi. A hannun hagu ga wani jirgin fasinja an ɗaure, ga mutane kaɗan suna tsaye kusa da shi, har da mace riƙe da jariri. Irin waɗannan jirage doki ne ya ke jansu da igiya yana tafiya a bakin ruwa, suna kai mutane gari gari a kan lokaci, kamar yadda motar haya ta ke yi. Gaba kaɗan ga mata biyu da fararen kallabi sun tsaya suna taɗi. Ba wanda ya ke gudu, ba wanda ya ke ɗaga hannu.

Sai ruwa. Yana kwance lumui, inuwar gine-gine ta miƙe a kansa har ta kusa taɓa gaɓar da mu ke tsaye. Wannan inuwa ita ce ta ke jan idonmu ya haye zuwa garin.

Sa'an nan garin kansa, ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. A hagu ga ganuwa ta jan bulo, da dogayen rufi jajaye a bayanta. A tsakiya ga Ƙofar Schiedam, mai ɗan ƙaramin agogo a goshinta. Waɗansu masu nazari sun karanta agogon sun ce ƙarfe 7 da 'yan mintoci ya nuna, waɗansu suka ce ƙarfe 8, amma kowa ya yarda safiya ce. Kusa da ita ga 'yar gada ta dutse inda ruwa ya ke shiga cikin gari, bayan gadar kuma ga rufin gidan ajiyar makamai. A dama ga Ƙofar Rotterdam da tagwayen hasumiyoyinta masu tsini, ga jiragen kamun kifi baƙaƙe a gindinta. Kowace ƙofa an raɗa mata sunan garin da hanyarta ta nufa.

Hasumiyoyin majami'u biyu sun leƙo daga bayan rufin gidaje. Ta Tsohuwar Majami'a tana hagu, kanta kaɗai a ke gani, sai an lura. Ta Sabuwar Majami'a tana dama da tsakiya, doguwa, tana walƙiya. Kada sunan ya ruɗe mu. An gama gina hasumiyar “sabuwar” tun 1496, ta tsufa tun kafin a haifi kakan Vermeer.

Duk abin da muka lissafa bai cika rabin ƙyallen ba. Saura duka sararin sama ne. Wani baƙin girgije ya tokare can bisa, ƙarƙashinsa farare suna tafiya, shuɗin sama yana leƙowa ta tsakaninsu. Ƙasar Holand shimfiɗaɗɗiya ce, ba duwatsu, shi ya sa sama ta ke cika wa mutum ido a can. Mai zanen bai rage mata kome ba.

Inda haske ya sauka

Yanzu fa mu koma mu sake dubawa, wannan karo mu tambayi kanmu: ina rana ta ke bugawa, ina kuma inuwa?

Za mu tarar gine-ginen da su ke kusa da mu, watau ganuwa da ƙofofin nan biyu, suna cikin inuwar baƙin girgijen. Launinsu ya yi duhu, ja mai nauyi da shuɗi mai sanyi. Amma can bayansu, a tsakiyar gari, rana ta keto ta sauka a kan rufin gidaje, suka yi ruwan ɗorawa. Wurin da ya fi ko'ina haske shi ne hasumiyar Sabuwar Majami'a. Mai zane da bai gwanance ba, da sai ya haskaka gaba ya duhunta baya. Vermeer ya juya abin. Saboda haka ido ba ya tsayawa a bakin ƙofa, sai ya ƙosa ya shiga ciki inda rana ta ke. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan gari da damina, hadari yana wucewa, ya ga rana ta haska wata unguwa ta bar wata, ya san wannan abu. Ba ya daɗewa, kafin a ƙifta ido ya sake. Wannan ɗan lokaci shi ne mai zanen ya kama.

Mutanen Delft na zamanin sun san abin da hasumiyar nan ta ke nufi. A cikin majami'ar a ke da kabarin Wiliyam na Oranje, wanda ya shugabanci mutanen Holand sa'ad da su ka tayar wa sarkin Sifen. A Delft aka harbe shi a 1584. Yaƙin ya ci shekara 80, sai a 1648 aka ƙulla sulhu, Sifen ta yarda Holand ta zama 'yantacciyar ƙasa. Har wa yau a wannan majami'a a ke binne 'yan gidan sarautar ƙasar. A cikinta kuma aka yi wa Vermeer baftisma ran 31 ga Oktoba, 1632.

Akwai wani ƙaramin abu da ke nuna mana yadda mutumin nan ya ke da lura. In an duba tagogin hasumiyar, ana ganin sama ta cikinsu, ba ƙararrawa. Dalili shi ne a wannan lokaci an sauke tsofaffin ƙararrawa, ana shirin rataya sababbi. Abin da ya gani shi ya zana. Wannan ma yana cikin abubuwan da suka taimaki masana su san shekarun da aka yi hoton.

Duk da haka kada mu ɗauka kwafin gari ya yi kamar madubi. Waɗanda suka gwada hoton da tsofaffin taswirori sun ga ya ɗan gyara. Ya daidaita jerin rufin gidaje domin su kwanta a miƙe, ya tsawaita inuwar da ke kan ruwa. Da aka haska ƙyallen da na'urar ganin abin da ke ƙarƙashin fenti, aka tarar dā akwai wani mutum tsaye kusa da matan nan biyu, daga baya ya shafe shi. Mutum ɗaya ne tak, amma ya ga zai cika wurin, ya kawar da shi.

Hannunsa ma ba iri ɗaya ya ke tafiya ba. A kan ruwa fentin sumul ya ke. A kan bango da rufi ya shafa shi da kauri da kaushi, har mutum ya ji kamar zai taɓa tsohon bulo. A jikin jiragen kamun kifi ya ɗiga ƙananan ɗigo na farin fenti. In ka matsa kusa, ɗigo ne kurum. In ka ja da baya taki uku, sai su zama ƙyallin ruwa a jikin katako. Shuɗin da ya fi so kuwa daga wani dutse mai tsada a ke niƙo shi, wanda a ke haƙowa a duwatsun Afganistan. Bai yi rowarsa ba.

Don me hoton gari?

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa gwani irin wannan ya ɓata watanni a kan bango da rufi? Amsar tana cikin tarihin ikilisiya a ƙasar. A 1566 jama'a suka faɗa wa majami'u da yawa, suka farfasa siffofi da hotuna. Daga baya manyan majami'un biranen suka koma hannun masu bin koyarwar Kalbin, aka shafe bangonsu da farar ƙasa, aka daina sayen hotuna domin ɗakin sujada. A Italiya da Sifen ikilisiya da fada su ne manyan masu ba mai zane aiki. A Holand kuwa sai masu zane suka juya ga 'yan kasuwa da masu sana'a, waɗanda su ke son abin da za su rataya a ɗakunansu.

Waɗannan mutane abin da suka sani shi su ke so su gani: mace tana zuba madara, jirgi a teku, kasuwar garinsu. Suna alfahari da biranensu, gama da hannunsu suka kāre su daga ruwa da abokan gāba. Haka hoton gari ya zama sana'a mai zaman kanta. Gerrit Berckheyde ya yi ta zana babbar kasuwar Haarlem da majami'arta. Jan van der Heyden ya zana titunan Amsterdam har a kan iya ƙirga bulo ɗaya ɗaya. Pieter Saenredam ya kan auna majami'a da ma'auni kafin ya zana cikinta. Delft kuwa gari ne mai mutum wajen 25,000 a lokacin, ya yi suna wajen tangaran mai fari da shuɗi, yana kuma da hannu a cinikin ƙasashen gabas mai nisa.

Abin da ba a zana ba

Ga abin da ya kamata mu sani kafin mu ce mun fahimci shirun da ke cikin hoton nan.

Ran 12 ga Oktoba, 1654, da hantsi, rumbun albarushin gwamnati da ke cikin garin Delft ya fashe. Albarushin ya kai tan 30 ko fiye. An ji ƙarar a garuruwa masu nisa. Unguwar arewa maso gabas ta zama kango, ɗaruruwan gidaje suka rushe, mutum fiye da 100 suka mutu, waɗanda suka ji rauni kuwa sun fi haka nesa. Cikin waɗanda suka rasu har da Carel Fabritius, almajirin Rembrandt, saurayi mai shekara 32, wanda a ke ganin ba mai zane kamarsa a garin. Vermeer yana da shekara 21 a ran nan, bai daɗe da aure ba, yana zaune a garin. Ba shakka ya ji ƙarar, ya ga ƙurar.

Wani mai zane, Egbert van der Poel, ya zana kangon sau da yawa, mutane kuwa suka yi ta saye. Ba laifi ba ne, gama ya wajaba a tuna. Hukuma ma ta koyi darasi, aka gina sabon rumbun albarushi can bayan gari, nesa da gidajen mutane.

Shekara shida bayan wannan masifa Vermeer ya ɗauki buroshinsa. Bai tafi wajen kango ba. Ya fita ta kudu, ya haye ruwa, ya juyo ya dubi garinsu daga gefen da ya ke tsaye daram. Ya zana mata suna taɗi, matafiya suna jiran jirgi, agogo yana tafiya. A ganinmu, nan ne ƙarfin hoton ya ke. Wanda bai san labarin 1654 ba zai ce safiya ce kamar kowace safiya. Wanda ya sani zai gane mutumin da ya zana ta ya riga ya ga yadda gari ya ke watsewa cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ya ɗauki safiyar da ba abin da ya faru a cikinta a kan abu mai daraja, wanda ya isa a ɓata masa watanni da shuɗi mai tsada. Baƙin girgijen yana nan bisa, bai ɓoye shi ba. Rana kuma tana nan a kan rufin gidaje. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma wanda ya taɓa rasa shi ya fi kowa sanin gaskiyar maganar.

Ƙarshen mai zanen

Shirun nan bai daɗe ba, ko ga shi kansa. Vermeer ɗan mai masauki ne, ubansa kuma yana saƙa yana sayar da hotuna. A 1653 ya auri Catharina Bolnes, 'yar Katolika, daga baya suka zauna a gidan surukarsa. A shekarar nan kuma ya shiga ƙungiyar masu zane ta garin, wadda ya shugabanta fiye da sau ɗaya. Allah ya ba su 'ya'ya da yawa, 11 suna da rai sa'ad da ya rasu. Aikinsa a hankali ya ke yi, hotunansa da aka sani yau ba su kai 40 ba.

A 1672 Faransa da Ingila da waɗansu sarakunan Jamus suka auka wa Holand gaba ɗaya. Mutanen ƙasar suka fasa madatsun ruwa suka malale gonakinsu domin su tare sojojin Faransa. Kasuwa ta mutu, ba mai sayen hoto. Bashi ya hau kan Vermeer. Ya rasu a watan Disamba, 1675, yana da shekara 43, aka binne shi a Tsohuwar Majami'a, wadda kan hasumiyarta ya ke leƙowa a hagun hoton. Matarsa ta shaida wa hukuma cewa asarar yaƙi da nauyin 'ya'ya su suka karya shi. Mai gidan burodi kaɗai yana binsu fiye da gilda 600, ta ba shi hotuna biyu jingina. Wanda aka naɗa ya lura da gādon kuwa shi ne Antonie van Leeuwenhoek, ɗan garin wanda ya yi suna wajen ganin ƙananan halittu da gilashin ƙara girma.

A 1696 aka yi gwanjon hoton Delft a Amsterdam a kan gilda 200, a zamanin da magini ya kan sami kamar gilda 1 a yini. Sunan mai zanen ya dushe a wajen ƙasarsa shekaru masu yawa. A 1822 gwamnatin Holand ta sayi hoton a kan gilda 2,900 aka kai shi Mauritshuis. Wani marubuci Bafaranshe, Thoré-Bürger, ya gan shi a can ya rasa sukuni, ya yi shekaru yana neman sauran ayyukan mutumin, ya buga abin da ya gano a 1866. Daga nan duniya ta farga. A 2023 aka tara hotunansa 28 wuri ɗaya a Amsterdam, mutum wajen 650,000 suka je kallo. Burodin da ya kasa biya, yau ɗan ƙyalle guda daga hannunsa ya fi ƙarfin kuɗin attajirai.

Garin ma ya sake. An rushe Ƙofar Schiedam da Ƙofar Rotterdam wajen 1834 zuwa 1836, ganuwar ma ta tafi. Cikin tsofaffin ƙofofin Delft guda ɗaya ta rage, Ƙofar Gabas. Hasumiyoyin majami'un biyu suna nan, ruwan ma yana nan, baƙi su kan tsaya a gaɓar suna gwada abin da ke gabansu da abin da ke cikin hoton. Amma wanda ya ke so ya ga ƙofofin nan da safiyar rana, sai ya tafi wurin Vermeer.

Ga iyaye da malamai

Kallon hoto abu ne da a ke koya, kamar karatu. Ba ya bukatar kuɗi, haƙuri ya ke bukata. Muna ba iyaye shawara su ajiye wannan hoto ko wani irinsa a gaban yara da maraice, su hana su cewa “ya yi kyau” tukuna. A tambaye su: mutum nawa kuka gani? Me su ke yi? Wane lokaci ne na yini, ta yaya kuka sani? Ina rana ta ke fitowa? A ina mai zanen ya tsaya? In an cire girgijen nan baƙi, me zai ragu? Za ku yi mamakin abin da yaro zai hango wanda babba ya tsallake. Yaron da ya koyi zama minti goma a gaban hoto guda yana dubawa, ya sami abin da zai taimake shi a gaban littafi da allo, har da fuskar ɗan'uwansa.

Bayan haka a ba su takarda da fensir, a fita da su da sassafe zuwa inda za su hangi unguwarsu. Su zana abin da su ke gani, ko rufin kwano ne, ko rumbu, ko hasumiya, ko mata a bakin rijiya. A rubuta kwanan wata a bayan takardar a ajiye. Waɗansu daga cikinmu sun ga unguwar da suka girma a ciki ta ƙone ko ta rushe, ba su da ko hoto guda da za su nuna wa jikokinsu. Ƙofofin Delft sun tafi, amma da ya ke wani ɗan gari ya tsaya ya dube su da kyau wata safiya, har yanzu muna iya ƙirga tagoginsu.